Shafina ya cika da mabiya, aji kuwa babu kowa: yaya ake jawo matasan Damagaram?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai cibiyar koyar da sana'a a nan Damagaram (Zinder), wajen Sabon Gari. Ga taƙaicenta: "Ina koyar da ɗinki, gyaran salula da haɗa wutar sola. Ɗan ƙanena ya buɗe mini shafi a Facebook, mun biya kuɗin talla har sau uku, mabiya sun taru dubbai, kowa na rubuta Masha Allah. Amma da muka buɗe rajistar sabon aji, waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Yanzu yaron ya ce mu koma TikTok, mu ɗauki mai barkwanci. Ina laifin yake, kuma me zan yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya sa albarka a cikin wannan aiki. Na daɗe ina harkar talla da faɗakarwa a garin nan, tun daga rediyo na faro kafin salula ta ƙwace kunnen yara, kuma abin da ya same ka ya sami mutane da yawa, har da ni.

Kafin komai, ka sa ɗan ƙanen naka ya buɗe wurin da Facebook ke nuna ƙididdigar shafi, ya karanto maka garuruwan da mabiyan nan suke. Ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba, Kano ce za ta zo a sama ko kusa da sama, sai Katsina ko Kaduna, sai Yamai, sai 'yan uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya waɗanda kewar gida ke sa su bin duk abin da aka rubuta Zinder a kai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka biya Facebook aka ce masa a nemo mabiya ko a tara layik, to inda suka fi araha zai je ya kwaso su, kuma masu jin Hausa da ke riƙe da waya mai intanet sun fi yawa nesa ba kusa ba a ƙetaren iyaka. Yaron da ke Fagge a Kano zai sa maka albarka da zuciya ɗaya, amma ba zai biyo ta Daura da Matamaye ya zo koyon ɗinki a Sabon Gari ba. Ka sayi taro, ba ka sayi ɗalibai ba.

Ba ƙarancin matasa ke damunka ba kuwa. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a, sama da mutum miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin 'yan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Yaran suna nan a ƙofar gidanka. Hanyar da aka bi wajen kiransu ce ba tasu ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: matashin Damagaram ba shi kaɗai yake kallon wayarsa ba. Dabarun talla da ake koyarwa a intanet an gina su ne a kan mutum ɗaya, da wayarsa, da katin bankinsa, ya gani ya so ya biya. Namu yaron a fada yake, wato majalisar hirar samari ta unguwa. Ka zaga Birni ko Zango ko Garin Malam ko Karkada bayan isha'i, za ka gan su a kan benci da tabarma, buta na kan garwashi, sunan fadar a rubuce a jikin katanga. Cikin mutum goma wataƙila uku ne ke da forfe, wato kuɗin intanet a waya, a daren, kuma cikin ukun ɗaya ne zai buɗe wa saura su sha daga nasa. Bidiyo ɗaya sai ya zaga hannu bakwai kafin a zuba shayi na biyu. A nan ake yanke masa hukunci. Wani zai ce ai na san wurin, ƙanen wane ya yi can, yanzu yana da tebur a kasuwar Dole. Wani zai ce ƙarya ne, kuɗi kawai za su ci. Duk wanda bakinsa ya fi ƙarfi a fadar nan, shi ne ya yanke maka ciniki ko ya kashe shi, kai kana gida kana barci. Saboda haka wanda kake yi wa talla ba yaro ɗaya ba ne, fada ce sukutum, kuma tambayar da za ka riƙa yi wa kanka kafin ka saki kowane saƙo ita ce: in an kunna wannan a tsakiyar fada, wa zai tsaya mini?

Idan amsar ita ce babu kowa, to kuɗin da za ka ba Facebook ka fara kashe shi a kan sukari da ganyen shayi. Da gaske nake. Ka zaɓi fada biyar ko shida a unguwannin da ke kusa da kai, ka aika malamin gyaran salularka, ba kai ba, shi da yake kusan sa'ansu, ya je da ɗan kayan aikinsa ya zauna. Kowace fada ba ta rasa waya mai fasasshen gilashi ko wadda ta daina ɗaukar caji. Ya gyara ɗaya a gabansu kyauta, yana yi yana bayani, wani daga cikinsu ya ɗauki bidiyon da wayarsa. Wannan bidiyon da suka ɗauka da kansu, mai karkarwa, mai hayaniyar kabu-kabu a bayansa, zai shiga statu ɗinsu na WhatsApp a daren ba tare da ka roƙe su ba, domin su ne a ciki. Gani ya kori ji. A gaishe da shugaban fada tukuna, a nemi izininsa, kada a faɗo musu kamar an zo kamu.

Wani abu kuma game da yadda ake yi musu magana. Yaran garin nan sun gaji da a riƙa kallonsu a matsayin matsala. Shekaru ke nan ƙungiyoyi na zuwa da motoci da riguna da hula, a tara su a ƙarƙashin rumfa a ce ku bar shaye-shaye, ku bar zaman banza, ku bar faɗan pale, wato gungun 'yan daba, a ɗauki hoto a tafi. 'Yan unguwar Kara-Kara sun fi kowa sanin wannan karatun. Da sun ji tallarka ta fara da "matasa ku tashi ku nemi na kanku", kunnensu ya toshe, don sun san ƙarshen zancen. Wanda ya wuni a kan babur cikin ranar watan Afrilu yana neman na cefane ba shi da bukatar a ce masa ya tashi. Faɗa masa wata nawa karatun zai ɗauka, nawa zai biya, ƙarfe nawa ake shiga, ko zai iya haɗawa da kabu-kabunsa, kuma me zai iya yi da hannunsa ranar da ya gama. Wannan shi ne girmamawa a wurinsa.

Sai batun harshe, inda nake ganin shafinka ya fi yin asara. Na tabbata sanarwar rajistar an yi ta ne a hoto mai rubutu da Faransanci, da tambari a sama da lambar waya ƙanana a ƙasa. Manya da suka iya karatun boko a ƙasar nan ba su kai rabi ba, kuma ko cikin yaran da suka yi lakwal, da yawa sun tsaya ne a aji shida ko sun faɗi birbe, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, su ne kuma ainihin waɗanda cibiyarka ta fi yi wa amfani. Irin wannan yaro yana da WhatsApp, yana da gurup goma, amma da bokal, wato saƙon murya, yake rayuwa. Bai rubutawa, bai son a rubuto masa. To ka yi masa magana da murya. Saƙon murya na daƙiƙa talatin zuwa arba'in, da Damagaranci tsantsa, ba Hausar labarun ƙarfe takwas ba, ba kuma kwaikwayon bakin 'yan fim na Kano ba. Yara suna son finafinan, suna kwaikwayon maganar don wasa, amma in zance ya zo kan kuɗi, sun fi yarda da wanda ya yi magana kamar maƙwabcinsu. Tun 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, don haka mai jin cewa Faransanci ne kaɗai ke sa cibiya ta yi kwarjini sai ya sake lissafi. Ban ce a yar da Faransancin ba. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da masu digiri da ke zaune ba aiki wani rukuni ne dabam, su za su karanta rubutu, kuma haɗa sola zai iya burge su fiye da ɗinki. A yi musu nasu daban.

Bari in ba ka labarin kuskurena a nan, don kada ka maimaita. Wata shekara na rubuta wa wata ƙungiya sanarwar horo, kuɗin rajista 500 na sefa. A takarda na rubuta 500, mai karantawa ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya ce "ɗari biyar", ni kuma ban saurara ba kafin a saki. Kowa a garin nan ya san in ka ce ɗari biyar da baki, dala ɗari biyar ake ji, wato 2,500, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. Kwana huɗu muna zaune ba wanda ya leƙo, muna ta zargin yara da lalaci, sai da wani mai gadi ya ce mana ai kuɗin ne ya yi yawa. Da mun ce dala ɗari da an wuce wurin. Tun daga ranar, duk farashin da zai fita da murya da dala da jaka (sefa dubu) nake faɗinsa, wanda zai fita a rubuce kuma in sa adadin sefa, kuma sai na sa wani wanda ba ya cikin aikin ya saurara ya faɗa mini nawa ya ji. A shafinka da 'yan Najeriya suka cika, wani ma da naira zai lissafa.

Kuma kada ka ɓoye farashi. Wannan ɗabi'ar ta "tuntuɓe mu ta akwatin sirri" tana kashe kasuwa a nan fiye da yadda ake zato. Yaron da ba shi da ko sisi yana jin kunyar tambaya a faɗa masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya haƙura tun bai tambaya ba. In ana iya biya kashi-kashi, wannan ita ce jimlar farko da za ta fito daga bakinka.

Nauyin abin da kake turawa ma lissafi ne. Mega kuɗi ce, ko a Airtel yake ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, kuma yawanci forfen yini ko na dare ake saye, ba na wata ba. Bidiyon minti uku mai nauyi roƙo ne kake yi yaro ya kashe kuɗin shayinsa don ya kalli tallarka. Ba zai yi ba. A taƙaita, a rage nauyi, a sa abin da ya fi muhimmanci a daƙiƙun farko: hannu yana buɗe waya, ko fitila tana kamawa a ɗakin da ba wutar lantarki, ba hoton ginin cibiya da kiɗa a ƙasa ba. A kuma tuna da masu turi, wato masu tura waƙoƙi da finafinai a waya, da masu cajin waya na bakin kasuwa da tasha. Waɗannan su ne gidan talabijin ɗin wanda ba shi da intanet, ta manhajar Xender da katin memori abu ke yawo har Mirya da Magarya da Tanut. Ka ba biyu ko uku daga cikinsu bidiyonka da ɗan abin goro, su riƙa haɗawa da abin da suke turawa.

Yanzu wa zai biya? Nan ma tallar da aka yi maka ta yi tsalle ta bar rabin hanya. Yaro ne zai so, amma kuɗin a hannun uba yake, ko uwa mai adashi, ko yayan da ke Agadas ko wurin haƙar zinariya, wanda zai turo ta Nita ko Al Izza ko Amana. Ke nan kana bukatar saƙo biyu. Na farko na yaro, mai nuna masa abin da zai iya. Na biyu wanda yaron zai tura wa mai biya, kuma wannan kai da kanka za ka yi shi, da fuskarka da rawaninka ko hularka, ka faɗi sunanka da unguwarku da masallacin da kake salla, ka ce ga abin da nake koyarwa, ga kuɗinsa, ga lambata, mai shakka ya zo ya gani. Yayan da ke can nesa ya sha jin ƙannensa sun karɓi kuɗi da sunan karatu sun sayi waya. Ka ba shi hanyar biya kai tsaye zuwa cibiya, ka tura masa hoton rasit, wata-wata ka aika masa bokal cewa ƙanenka na zuwa, ga abin da ya ɗinka. Mutumin nan zai zame maka ɗan talla a duk inda 'yan Damagaram suka taru a can. Iyaye kuma har gobe rediyo suke saurare. Sanarwa a Anfani ko Shukura ko gidan rediyon gwamnati, a lokacin da ake karanta gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure, tana kai wa uba abin da TikTok ba zai taɓa kai masa ba. In yaro ya zo da zancen da daddare, uban ya ce ai na ji su a rediyo, rabin aikin ya ƙare.

'Yan mata kuwa ba a fada suke ba, don haka duk abin da na faɗa a sama sai an juya shi. Nasu taron yana cikin gurup ɗin biki da na anko, da na 'yan ajin islamiyya, da gidan kitso da lalle. Wata ma wayar ba tata ba ce, ta uwa ce ko ta yaya, da daddare ake ba ta aro. Namiji baƙo ba ya shiga nan, kuma bai kamata ya nema ba. Malamar ɗinkinka ce za ta riƙe wannan ɓangare da lambar waya tata daban, wadda mace ce kaɗai ke amsawa, a kuma faɗi haka a cikin sanarwa. A bayyana cewa ajin mata daban yake, ana tashi kafin la'asar ko kafin magariba, uwa na iya rakowa ta gani. Abin da ke sayar da ajin ɗinki shi ne amarya ko ƙawar amarya ta sa kaya a biki a tambaye ta wa ya ɗinka, ta ce ɗalibar wurin Alhaji ce. Ka sa ɗalibanka su ɗinka wa kansu kayan Salla, su sa a statu in iyayensu sun yarda, ko a ɗauki kayan kawai ba fuska. Hajja mai kyau ita ke kiran mai saye.

Duk waɗannan hanyoyi wuri ɗaya za su zube, wato lambar WhatsApp ta cibiya, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna zubar da abin da suka tara. A sa WhatsApp Business, kyauta ne, a cika sunan cibiya da lokutan aiki da hotunan kowane fanni da farashinsa. Amma abin da ya fi wannan shi ne a samu mutum ɗaya wanda aikinsa ne amsawa. Yaro ya yi ta maza ya turo "slm" ƙarfe goma na dare, forfensa zai ƙare da asuba. In ba a amsa ba sai jibi, ya tafi ke nan. A amsa da murya, a kira sunansa, a ce masa ya ajiye lambar nan a wayarsa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin statu ɗinka ba ya bayyana sai ga wanda kuka ajiye lambar juna, saƙon da ake aikawa ga mutane da yawa a lokaci guda kuma, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye taka. Mutum ɗari uku 'yan garin nan da suka ajiye lambarka sun fi maka dubban nan na Facebook. Kada ka riƙa jefa mutane cikin gurup ba da saninsu ba, za su fita su kuma riƙe ka a zuci. Kada kuma statu ya zama talla safe da yamma. Yau a nuna yadda ake gane batirin da ya kumbura, gobe yadda ake goge faifan sola in ƙurar hunturu ta rufe shi, jibi ɗalibi yana karɓar kuɗin gyaransa na farko. Mutum ya amfana sau huɗu, sai a yi masa talla sau ɗaya.

Lambobin nan kuma a kwafe su a littafi na takarda, da suna da unguwa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zaɓe, an rufe intanet na salula a ƙasar nan har kusan kwana goma. Shafi ana iya sace shi, waya na iya faɗawa a ruwa. Mai littafi zai iya kira.

To, TikTok da mai barkwanci. Ɗan ƙanenka bai yi ƙarya ba, yaran suna can, kuma TikTok yana da wata fa'ida da Facebook ba ya bayarwa cikin sauƙi: yana iya nuna bidiyon wanda ba shi da mabiyi ko ɗaya ga mutane masu yawa in bidiyon ya riƙe masu kallo. Ku buɗe, ba ya cin kuɗi, ku riƙa zuba gajerun bidiyon nan na aiki, a ambaci Damagaram da sunan unguwa da baki a kuma rubuta. Amma ciwon da ya kama shafin Facebook yana nan ma, masu kallo za su fi yawa daga Najeriya. Mai barkwanci kuwa, ni ba na hana shi, sai dai ina da sharuɗɗa. Ka tambaye shi ya nuna maka a wayarsa garuruwan masu kallonsa, ba yawan mabiya ba. Ka koma baya ka kalli abin da ya saki cikin wata uku, ka tambayi kanka ko za ka iya kallonsa tare da limamin unguwarku, domin ranar da ya ambaci sunan cibiyarka, duk abin da ya taɓa yi ya zama naka a idon iyaye. Garin nan garin Sarki ne da malamai, rawa ɗaya da ba ta dace ba za ta iya kwashe maka ajin mata gaba ɗaya. Sannan barkwanci yana da wani hali, mutane su tuna dariyar su manta wanda ya biya. In za ka yi, ka sa shi ya zo cibiyar ya zauna a gaban keke ya gwada ɗinki ya kasa, ɗaliba ko ɗalibi ya gyara masa. A nan dariyar tana kan kayanka. A biya shi rabi, sauran a ɗaura shi a kan yawan waɗanda suka zo suka ce shi ya turo su. Wanda ya ƙi wannan ciniki ya san abin da ya sani game da mabiyansa.

In har za ka sake ba Facebook kuɗi, kada a danna maɓallin nan na haɓaka rubutu a wuce. A zaɓi Zinder da 'yan kilomitocin da ke kewaye da ita kawai, a sa shekarun da ake nema, a kuma zaɓi manufar da ke kai mutum ga aiko da saƙo a WhatsApp, ba tara layik ba. A fara da kuɗi kaɗan na kwana biyar, bidiyo biyu mabambanta, a ga wanda ya fi kawo saƙo, a kashe ɗayan. Adadin masu gani zai ragu sosai, ɗan ƙanenka zai ji kamar an ci baya. Ka ce masa ya yi haƙuri.

Lokaci ma yana da nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, sanarwar aji tana fara yawo ne wata guda kafin buɗewa. Mafi kyawun lokacinka a shekara shi ne makonnin da sakamakon birbe da bak, jarrabawar gama sakandare, ke fitowa, lokacin da gidaje da yawa ke tambayar kansu to yanzu sai me. A yi maganar da tausasawa, kada a ce "wanda ya faɗi", a ce mai neman sana'a a hannu kafin Oktoba. Da damina yaran ƙauye suna gona, bayan girbi kuma akwai ɗan kuɗi a hannu amma ƙafa na ƙaiƙayin tafiya ci-rani, to a nan ne za ka tare su. Cikin azumi teloli ba sa barci, kowa na ganin kuɗin da ɗinki ke kawowa, wannan talla ce da Allah ya ba ka kyauta. Lokacin kokowar takobi kuma hankalin gari duk yana fage, kada ka saki muhimmin abu a ranar, sai dai in da kokowar za ka yi zancen.

Akwai iyakoki da za ka gargaɗi duk wanda ke riƙe da wayar cibiya a kansu. Kada a ɗauki hoton ɗalibi a watsa sai da yardarsa, in bai kai 18 ba sai da yardar iyaye, kuma lambobin mutane amana ce, har an kafa hukumar HAPDP don kare bayanan jama'a. Kada a taɓa wata cibiya da mugun baki, kada a tura jita-jita ko zancen siyasa a gurup ɗin ɗalibai. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, an cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka maido da shi a watan Yunin 2024. Haka kuma kada a yi alkawarin aiki in ba ka da aikin bayarwa. Faɗi abin da ɗalibanka na baya suke yi yanzu, da bakinsu, a wurin sana'arsu, wannan ya isa.

Yadda za ka san ko ana ci gaba kuwa ba a waya yake ba, a bakin ƙofa yake. A ajiye littafi a teburin rajista, duk wanda ya shigo ko da tambaya ce kawai, a ce masa a ina ka ji labarinmu, a rubuta: fadar wane, rediyo, statu na wance, mai turi na tasha, TikTok. Bayan wata biyu ka zauna da ɗan ƙanenka ku ƙirga. Inda ya kawo mutum a ƙara masa, inda bai kawo ba a janye ko da can ne ake ta yabo. Shafin Facebook ɗin kada a rufe shi, yayyen da ke waje suna leƙawa su tabbatar cibiyar gaskiya ce kafin su turo kuɗi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin barinsa. Yaron nan ma kada ka karɓe aikin daga hannunsa, ya iya abin da ni da kai ba mu iya ba, alkibla ce kawai za a sauya masa. Ranar Alhamis mai zuwa, da yake ranar kasuwa ce, ka ba shi shi da malamin gyaran salula tebur ɗaya da laima kusa da masu sayar da waya, su gyara abin da ya sawwaƙa, su dawo maka da lambobin waɗanda suka tsaya suka yi tambaya. Daga waɗannan za a fara aika bokal na farko.